Jinyar Matar Gida a Ƙasar Ƙonni: Daga Ɗakin Uwa Zuwa Galmi da Yamai

A ƙasar Ƙonni ta da, idan ciwo ya kwantar da matar aure har ya ja kwanaki, danginta ne ke zuwa su tafi da ita gida jinya. Uwa ko yayarta ce ke dama mata kunu, ta gasa mata jiki da tsumma da ruwan zafi. Na miji shi ne aiko da hatsi da kuɗin magani, da yamma ya tsaya a zaure ya ce, "Yaya mai jiki?" Kunyar surukai ba ta barinsa ya wuce nan.

Ciwon nono ya fi kowane ciwo shan ɓoyo. Ƙullutun ba ya zafi da farko, sai mace ta ja mayafi ta rufe, wata da watanni. In ya fashe a ce daji ne, daji kuwa a faɗar mutane ba ya son ƙarfe: ba allura, ba wuƙa. Daga nan sai sassaƙe da shafe-shafe da rubutun sha.

Al'adar jinya a gidan dangi ta fara sassautawa a 1950, lokacin da 'yan mishan na SIM suka buɗe asibiti a Galmi, garin albasa da ke cikin gundumar Malbaza ta yau. Asibiti ya zo da nasa tsari. Kowane majinyaci sai da mai jinya, da tabarmarsa da tukunyarsa, kuma kafin tiyata akan nemi wanda zai sa hannu ya biya. Mai gida ake kira. Mutumin da ya saba tsayawa a zaure sai ga shi a bakin gado, riƙe da takardar magani.

Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta soma aiki a shekarun 1960, ta samar da masu albashi da ke jiran fansho daga asusun CNSS. Sankarar mama kuwa takan kama matan wannan yanki ne daga shekara 40 zuwa 50 da 'yan kai, daidai lokacin da mazajensu ke lissafin ritaya. Kuɗin da aka tara don rufin ɗaki ko kujerar Makka sai ya koma na mota da gwaji.

A 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana maganin sankarar mata kyauta, amma na'urar gashin sankara ba ta fara aiki a ƙasar ba sai 2021, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, sama da kilomita 400 daga Ƙonni. Sakkwato ta fi kusa, sai dai rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya datse wannan hanya har zuwa Maris 2024. Mai zuwa Yamai daga ƙauyukan wannan yanki kuwa, kuɗin mota da masauki da abinci na makonni duk a wuyansa suke.

Dangin mace har gobe su ne ginshiƙin jinya, amma kuɗin tafiya da izinin fita a hannun miji suke a yawancin gidaje. Magidanta, in uwargida ta ce ta ji ƙullutu a nono, a kai ta likita a makon nan, kada a jira kaka ko kuɗin sallama.