Waiwayen Matuƙin Kwale-kwale

A 1909 Ole Evinrude ya fara sayar da injin da ake ratayawa bayan kwale-kwale, a Milwaukee ta Amurka. Tun lokacin, ruwan da jirgi ke bi shi ke sanyaya injin: famfo ya zuƙo, ya zagaya da shi, ya fitar. Daga baya aka koma famfo mai farfelar roba.

Shi ya sa a Yauri muke ganin matuƙin tsohon inji yana waiwayen siririn ruwan da ke tsartuwa. In ya ɗauke, ko leda ta toshe mashiga, ko robar ta cinye. Sai ya kashe injin nan take, kafin ya ƙone tsakiyar kogi da fasinjoji.

Mu masu rubuta labarin bakin ruwa, kada mu manta wannan waiwaye.