Layin Dogon Zariya Zuwa Ƙauran Namoda: Kada Ya Bi Sahun Burtali

Mai karatu, in kai mutumin Tafoki ne, ko Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara, to tambayi tsohon gidanku yadda audugarsu ke fita a da. Zai ce maka a kai ta Funtuwa a gurje, daga nan sai jirgin ƙasa. Wannan dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, a 1929 Turawa suka kammala shi. Ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa shi ba, auduga da gyaɗa suke son kwasa zuwa bakin teku. Amma duk da haka talaka ya ci moriyarsa, garuruwa sun bunƙasa a gefensa.

To, yau fa? Rabon da jirgi ya riƙa bin sa a kai a kai an daɗe. Ciyawa ta rufe wasu wurare, gonaki na matsowa, ɓarayin ƙarfe kuma ba su bar dogon ƙasar nan ya huta ba. Kada ka ce ai dogo ba ya mutuwa. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza, wanda aka gama a 1914, rufe shi aka yi ɗungurungum a 1957.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba. A Amurka, a 1963, wata mata mai suna May Watts ta rubuta wa wata jaridar Shikago wasiƙa, ta ce tsohon layin jirgin da aka yasar a yankinsu a mayar da shi hanyar tafiya a ƙafa. 'Yan sa-kai suka fito suka share, hanyar tana nan har yau. A 1983 ƙasar ta yi doka cewa ana iya ajiye filin dogo a matsayin hanyar ƙafa da keke, ranar da jirgi ya buƙace shi ya dawo ya karɓi abinsa. A Ingila ma, tsakanin 1979 da 1986, 'yan sa-kai ne suka mayar da tsohon dogon Biristol zuwa Bat hanyar keke.

Za ka ce wannan ai shagalin mai ƙoshi ne, mu da muke fama da 'yan bindiga, mu da aka sace mana ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, ina mu ina yawon shan iska? Gaskiyarka. Sai dai ka lura da abin da mutanen can suka tsare. Ƙarfe ana iya sayo sabo. Doguwar ƙasa mai haɗe daga gari zuwa gari kuwa, in ta yanke ta yanke ke nan. Mu ya kamata mu fi kowa sanin haka, don a gabanmu aka cinye burtali, kunya ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ɗan kaɗan na ƙara, har makiyayi ya rasa inda zai bi da shanunsa. Abin da ya biyo baya ba sai an gaya maka ba.

Kuma aikin sa-kai ba baƙonmu ba ne, mu gayya muke ce masa. Da gayya kakanninmu suka gina ganuwa, da ita ake share hanyar kasuwa in damina ta wuce. Filin dogo na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1955, don haka ba wanda zai taɓa shi sai da izninta. Amma tun 2023 da aka gyara tsarin mulki, jihohi ma sun sami hurumin harkar jirgin ƙasa, wato yanzu akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa a Katsina.

Abin da ake nema bai fi ƙarfinmu ba: hakimai da dagatai su sa a san iyakar filin, ƙungiyoyin samari su share gefensa inda tsaro ya ba da hali, a dasa darbejiya a kan iyaka, mai keke da ɗan makaranta su sami hanya. In jirgi ya dawo, ya tarar da gidansa a share. In ya yi jinkiri, jama'a na mora kafin ya iso. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a bar ƙudaje sun shanye ta ba.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.