Tarihin Wuyan Gita da Masu Lanƙwasa Shi

Gita wani abin kiɗa ne mai tsirkiya shida, ɗan'uwan molo da garaya. Asalinsa daga ƙasar Sifen ne, kuma wani masassaƙi na can, Antonio de Torres, wanda ya rasu a shekarar 1892, shi ya daidaita siffarsa yadda a ke ganinta yau. Yana da ciki wanda ke ɗaukar amo, da wuya dogo na itace, da kai inda a ke ɗaure tsirkiyoyi. Duk wahalar gita a wuyan nan ta ke, gama shi ke riƙe da jan tsirkiya dare da rana.

Kowa ya taɓa kallon mai kalangu ya san asirin abin. In ya matse tsarkiyar kalangu a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, murya ta sauka. Haka tsirkiya ta ke: ɗauri ya kan sa ta yi siririyar murya, saki kuwa ya sa ta yi kauri. To, makaɗa sun daɗe suna so gita ya riƙa jan murya da karkarwa kamar maƙogwaron mutum, sai kowane zamani ya fito da tasa dabara.

Da fari da hanjin dabba a ke yin tsirkiya, janta ba shi da tsanani. Amma a farkon ƙarni na 20 sai mutanen Amurka suka koma ga tsirkiyar ƙarfe domin ta fi amo. Tsirkiyoyin ƙarfe shida su kan ja wuya da nauyin da ya kai kilo 70, watau fiye da buhun siminti guda. Da haka wuyoyi suka riƙa gantsarewa, har tsirkiya ta yi nisa da itace, yatsa ya kasa danna ta. Sai wani ma'aikacin kamfanin Gibson a garin Kalamazoo, mai suna Thaddeus McHugh, ya yi tunanin a fafe wuyan a sa masa sandan ƙarfe a ciki, mai noti a baki, wanda za a riƙa ɗaurewa ko a sassauta. Ya kai dabarar ga hukuma a shekarar 1921, aka ba shi takardar mallaka a 1923. Maganin ya yi, amma ya bar rauni, domin gurbin notin nan yana daidai wurin da wuya ya haɗu da kai, inda itacen ya fi siranta.

Bayan wannan sai maƙera suka juya ga neman karkarwar murya. Doc Kauffman ya ƙera wani ɗan hannu na ƙarfe wajen 1929. Paul Bigsby ya fito da nasa a farkon shekarun 1950. A 1954 kuma Leo Fender ya fitar da gita mai aiki da lantarki, Stratocaster, da hannu wanda in an danna shi dukan tsirkiyoyi su saki tare, in an ɗaga yatsa su koma wurinsu. Daga baya Floyd Rose ya sami takardar mallakar wani irin da ya fi riƙe murya a 1979.

Amma fa ba kowane gita ke da hannun nan ba. Telecaster na Fender, wanda ya sami sunansa a 1951, yawancinsa ba shi da shi, haka kuma Les Paul na Gibson da ya fito a 1952. Saboda haka makaɗa suka gano wata hanya ta ƙarfin tuwo. Mutum ya kan kaɗa tsirkiya, sa'an nan ya danne kafaɗar gita da hannu ɗaya, ya tura kan gaba da ɗaya hannun. Wuya ya ɗan rusuna, tsirkiya ta saki, murya ta sauka. In ya jawo kan baya, murya ta hau. Abin ya fi sauƙi ga SG, wanda Gibson suka fitar a 1961, domin wuyansa siriri ne, kuma kusan dukansa a waje da ciki ya ke. Cikin waɗanda suka yi suna da wannan salo akwai Adrian Belew, mai murɗa wuya da ƙarfi a gaban 'yan kallo, da Bill Frisell, wanda shi a hankali ya ke girgiza shi don amo ya yi ta lilo.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Itacen gita kuwa busasshe ne ƙayau, an shanya shi da gangan don kada ya motsa. Ga shi kuma ba iri ɗaya a ke haɗa wuya ba. Fender da itace mai tauri su ke yin nasu, kai da wuya a miƙe, a ɗaure shi ga ciki da kusoshi huɗu masu murɗi. In ya lalace sai a kwance a sa wani. Gibson kuwa da maɗaci na ƙasashen Amurka su ke yi, a manne shi da gam, kan kuma a kwantar da shi baya. A wurin kwanciyar nan zaren itacen gajere ne, shi ya sa a nan ya ke tsagewa. Slash, makaɗin ƙungiyar Guns N' Roses, ya ba da labari da bakinsa cewa ya taɓa lanƙwasa wuyan Les Paul yana cikin wasa, wuyan ya ɓalle ya buge shi a fuska.

Ko da wuya bai karye ba, akwai ɓarnar da ke zuwa sannu sannu. Fenti ya kan tsage a mahaɗa, gam ya saki, ramukan kusoshi su buɗe, gita ya daina tsayawa a murya ɗaya. Gwanin masassaƙi yana iya ɗora karyayyen kai da gam har ya riƙe sosai, amma gitan da aka ɗora ba ya komawa kuɗinsa na da a kasuwa.

Don haka masu gyara su ke gargaɗi da abu uku. Na farko, a tura kaɗan, gama saukar rabin mataki na murya ta isa kunne ya ji. Na biyu, a kama wuyan a gindin kai, kada a kama ƙarshen kan inda ƙarfi ke ninkuwa. Na uku, kada a gwada wannan a kan tsohon gita, ko wanda aka taɓa ɗorawa, balle na aro. Wanda ya ke son jan murya mai zurfi, hannun ƙarfen da maƙera suka ƙera tun 1929 domin wannan aiki aka yi shi, kuma in ya lalace sauya shi ya fi sauƙi bisa ga sauya wuya.