Idan Matuƙin Gwaji Ya Mutu, Wa Zai Ba da Shaida?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila da Amurka sun shiga tseren ƙera jiragen da za su wuce gudun sauti, kuma rayukan matuƙa da dama sun salwanta a wajen gwaji.

Ranar 27 ga Satumba, 1946, jirgin DH 108 ya tarwatse a sama, kusa da bakin Kogin Thames. Matuƙinsa, Geoffrey de Havilland, ɗan mai kamfanin ne. Masu bincike sun dogara da tarkacen da aka tsamo daga laka, da gawarsa da aka gano da karyayyen wuya. Daga nan aka fahimci cewa da jirgin ya kusanci gudun sauti, hancinsa ya riƙa yin sama da ƙasa da ƙarfi har fikafikansa suka karye.

Bayan shekara goma cif, ranar 27 ga Satumba, 1956, Kyaftin Milburn Apt na sojan saman Amurka ya kai jirgin X-2 gudun kilomita 3,370 a awa a Kalifoniya. Da wannan gudun, Yawuri zuwa Sakkwato bai kai minti biyar ba. Yana karkata zai koma sansanin Edwards, sai jirgin ya ƙwace masa, ya shiga wulwulawa. Jirgi ne dogo mai gajerun fikafikai, nauyinsa duk a gangar jiki, shi ya sa da ya mirgina, hancinsa ya kauce.

Apt bai tsira ba, amma wannan karon akwai kyamara a ɗakin matuƙi. Fim ɗinta ya nuna wa injiniyoyi abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa, abin da a 1946 sai an haɗa tarkace ake hasashensa.