Tarihin Birnin Guangzhou da Tsofaffin Gine-ginensa

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke zuwa Guangzhou a kudancin ƙasar Sin ba su san komai game da garin ba in ban da kasuwa da otal da unguwar Xiaobei. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan yi bayani a kan tarihinsa, domin garin sa'an tsofaffin biranen Rum ne, kuma har yau yana zaune a inda aka kafa shi.

An kafa shi a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin daular Qin, da sunan Panyu. Bayan faɗuwar wannan daula, wani kwamanda mai suna Zhao Tuo ya mai da shi hedkwatar masarautar Nanyue, wadda daular Han ta ci da yaƙi a shekara ta 111 kafin Miladiyya.

A 1983 ne masu aikin gini suka ci karo da kabarin sarkin Nanyue na biyu, Zhao Mo, a cikin wani tudu a tsakiyar gari. Kabarin na dutse ne mai ɗakuna 7, kuma ɓarayi ba su taɓa shiga ba. An sami gawar sarkin cikin rigar da aka haɗa da gutsattsarin dutse mai daraja fiye da 2,000, an ɗinke da zaren alharini. Amma ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne hauren giwa guda 5 da masana suka ce na giwar Afirka ne, da wani ɗan akwatin azurfa irin aikin Farisa. Ashe kayan nahiyarmu sun riga mu zuwa garin da shekara fiye da 2,000! An kuma tono kwanonin gilashi irin na ƙasar Rum a wani kabari na zamanin Han. Mutanen Sin na lokacin suna kiran daular Rum da suna Da Qin, sai dai galibi hannu-da-hannu kayan ke bi ta teku kafin su iso.

Ga mu Musulmi, babban abin gani shi ne Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, ɗaya daga cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar. Hasumiyarsa zagayayya ce ta bulo, tsawonta kimanin mita 36, ba ado a jikinta. A da tana bakin kogi, masu jiragen ruwa na hango ta, amma yanzu kogin ya ja baya, gidaje sun kewaye ta. An sake gina masallacin a 1350, sannan a 1695 bayan gobara. Musulmin ƙasar na cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) ne ya assasa shi, har ma akwai kabarin da ake jingina masa kusa da lambun Yuexiu, inda baƙi da dama ke sallar Juma'a. To amma malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, a zamanin daular Tang fataken Larabawa da Farisawa na da unguwarsu a garin, wanda suke kira Khanfu.

Ganuwar birnin kuwa, an fara rushe ta tun 1918 don a yi tituna. Duk wanda ya san halin da badalar Kano ke ciki zai gane zancen. Ɗan abin da ya saura yana cikin lambun Yuexiu, tare da benen Zhenhai mai hawa 5 da aka gina a 1380.

Wanda lokaci ya ƙure masa, ya leƙa titin Beijing, inda ake cinikin tufafi. A 2002 an gano tsofaffin hanyoyi a ƙarƙashinsa, wata kan wata, tun daga zamanin Tang. An rufe su da gilashi, kana tafe kana kallonsu a ƙasa, ba sai ka biya ko sisi ba.