Magajiya: Tafiyar Kalma Daga Daura Zuwa Chereponi

Ɗalibin da ya ɗauki littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, yakan fara tsayawa ne a kan sunan. Kwikwiyo ɗan kare ne, shi kuwa Bahaushe bai saba jawo kare cikin ɗaki ba, balle cikin adabi. Marubuciyar ta aro shi daga karin magana saboda hali guda: duk inda ubangidansa ya sa ƙafa, yana biye. Amma tambayar da labarin ya bari a zuciyata ta tarihi ce. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. A zamanin da, wace ƙofa mace irin Rabi take ƙwanƙwasawa idan dangi sun gaza?

Amsar tana cikin kalmar magajiya. Asalinta gado ne, kamar magaji, kuma tarihin baka ya ba ta babban matsayi, domin Magajiya Daurama ce ke mulkin Daura sa'ad da Bayajida ya iso. A masarautun Haɓe akwai sarautar mace mai kula da al'amuran mata: Inna a Gobir, Iya a Maraɗi. Su ne kuma ke shugabantar bori, wanda ba a shigarsa sai ta hanyar girka, abin da aka gani a ciki kuma ba a faɗa wa bare. Idan ana neman ƙungiyar asiri ta mata a ƙasar Hausa, wannan ce mafi kusa.

Bayan jihadin 1804, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci cewa hani kaɗai ba zai raba mata da abin da suke jingina da shi ba. Sai ta kafa 'Yan Taru. Kowace tawaga tana da shugaba da ake kira jaji, ana naɗa ta da malfa, ta jagoranci matan ƙauyuka zuwa wurin Nana su koyi waƙoƙin addini, su koma gida su koyar. Tsarin tsoho ne, abin da aka zuba cikinsa ne sabo. Ana yawan ambaton ƙungiyar asiri ta ɗalibai mata da aka kafa a kwalejin Wesleyan ta jihar Jojiya a Amurka a 1851 a matsayin farkon irinta a can. Kamantawar tana da iyaka: waccan taƙamarta rufe ƙofa, ita kuwa jaji aikinta kai ilimi inda babu shi.

A biranen Arewacin Nijeriya kalmar magajiya ta sha wuya a ƙarni na 20. Ta koma sunan shugabar matan da ke zaman kansu, har ta kai wasu na jin nauyin furta ta. Ni dai ina ganin rashin adalci ne a manta cewa gidan nan, duk da abin da ake faɗa a kansa, sau da yawa shi ne masaukin bazawarar da ta rasa madafa.

A yamma kuwa, ƙaddarar kalmar daban ce. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja sukan ratsa Sansanne Mango da Yendi kafin su sauka Salaga, kuma Chereponi, garin Anufo, tana tsakanin waɗancan biyun na farko. Duk inda ayari ya daɗe, zango yakan kafu, da sarkinsa da limaminsa da magajiyarsa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa mazauna garin zuwa Kete-Krachi da Yendi da sauran wurare, suka tafi da wannan tsari. Maƙwabta suka ari kalmar, shi ya sa a yau ake jin magaziya a bakin Dagomba da sauran al'ummun Arewacin Gana, da ma'anar shugabar mata, babu ko ɗigon tsangwama. Ita ke tara mata idan an yi haihuwa ko rasuwa, ita ke sa ido a kan adashi, ita ke shiga tsakani idan aure ya yi tsami. 'Yan siyasa ma sun san cewa a Bawku ko Yendi, wanda bai gaisa da ita ba ya rasa hanyar zuwa ga mata masu ƙuri'a.

Saboda haka mai fassara ya yi hattara. Idan Bakano ya ce magajiya, a tambayi wacce yake nufi. Idan kuwa tsohuwa a zangon Chereponi ta ce za ta kai ƙara wurin magajiya, to wurin uwar gari take nufi, kuma ma'anar da ke bakinta ta fi kusa da ta fadar Daura fiye da wadda aka fi ji a Kano yau.