Alhaji Umaru na Salga: Mawaƙin Zango da Takardunsa

A cikin dattawanmu na Sabo har yanzu akwai waɗanda in an ambaci Gwanja sai ka ga sun gyara zama, domin can kakanninsu suka yi fataucin goro tun kafin jirgin ƙasa ya karkato da harkar zuwa wannan ɓangare. Amma ka ce musu Alhaji Umaru na Salga, sai a shiga kallon juna. Wani ma ya tambaye ka, ko Umarul Futi kake nufi? A'a, ba shi ba ne. Wannan Bakano ne, ɗan fatake, malami kuma mawaƙi, wanda ya yi zaman baƙunci irin namu har Allah ya karɓi ransa a zango. Abin da ya ja hankalinmu ga tarihinsa shi ne yadda sunansa ya tsira ta hanyar takarda, da kuma hannun waɗanda takardun suka bi.

An haife shi a Kano wajen 1858. Mahaifinsa Abubakar Bakabe ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa yakan danganta kansa da Kabi da Kano, daga baya ya ƙara da Salga. Ya yi karatu a Kano da Kabi da Gobir, yana kuma bin ayarin mahaifinsa zuwa kasuwar goro ta Salga, wadda yanzu take arewacin Gana.

Littafinsa na farko ba na waƙa ba ne, na wasiƙa ne. A 1877, yana saurayi ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, ya rubuta Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa da Larabci, wato jagora ga mai son rubuta wasiƙa, da misalan yadda ake tsara ta. Duk wanda ya san rayuwar fatake ya san amfanin wannan. Ayari yakan yi watanni a hanya. Akwai bashi, akwai ajiya, akwai gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, ga labarin mutuwa da na haihuwa da za a aika gida. Duk malami ne zai rubuta, kuma in ya yi wa sarki gaisuwar da ta dace da ɗan kasuwa, to an ɓata. Mu ma nan ai mun san zamanin da ake layi a zauren malam ko gaban gidan waya don a rubuta wa mutum takardar gida. Littafin ya karɓu har daga baya aka buga shi a Alƙahira.

A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salga. 'Yan kasuwa suka watse, Malam Umaru ya koma Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, garin da ya faɗa hannun Jamusawan Togo, can ya zama limami. Ya yi waƙa a kan rushewar Salga mai suna Tanbihul Ikhwan. Daga nan ne waƙoƙinsa suka riƙa yin aikin wasiƙa. Ya rubuta, almajiri ya kwafa, ɗan kasuwa ya sa a jaka, sai ga ta a wani zango. Akwai ta yabon Sarkin Zangon Kumasi Malam Sallau, akwai marsiyyar ɗansa Alhaji Labbu, akwai wadda ya yi wa wani Musa da ya zo yana da'awar Mahadi raddi. Da annobar mura ta 1918 ta auko, ita ma bai bar ta ba. A Hausa kuwa wadda aka fi sani ita ce Waƙar Talauci da Wadata, inda ya kwatanta yadda jama'a ke ɗaukar mai abu da marar abu. Ya tafi aikin hajji a 1913, ya yi shekaru kafin ya komo.

To, a nan ne masu nazari suka sami abin magana. Tsakanin 1899 da 1903 ya yi waƙoƙi uku a kan zuwan Turawa, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa, wato Waƙar Nasara, yana jera garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya, ba kuma da daɗin rai ba. Amma a wannan lokacin ne yake zama da Bajamushe Adam Mischlich, jami'in mulki na Kete-Karaci, yana rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da al'adu da sana'o'i da ajami. Tun a Salga ma ya san wani Bajamushen, Gottlob Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. Sai ake tambaya, yaya mutum zai yi kuka da Nasara a waƙa, ya kuma zauna yana koya wa Nasara? Mu dai a ganinmu wannan ba baki biyu ba ne. Wanda ya taɓa zama a ƙasar da ba shi ke da iko ba, yana da masallaci da makaranta da jama'a a wuyansa, ya san ana gaida mai mulki da safe ko da zuciya ba ta so. Kuma abin da ya rubuta wa Mischlich bai rage wa Hausawa komai ba. Yau in ana son sanin yadda ake noma da rini da ƙira da fatauci a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 daga bakin ɗan ƙasa, wurinsa ake komawa.

Inda muke da ƙorafi shi ne wajen suna. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma buga rubuce-rubucen malamin a wata mujallar Balin daga 1907 zuwa 1909. Ya ambaci Liman Umaru, gaskiya ne, amma a kantar ɗakin karatu sunan Bature ne a bango, shi ake nema. Haka kuma Baturen Ingila Rattray ya buga wani ɓangare na fassarar da malam ya yi wa waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa a 1934, shekarar da Alhaji Umaru ya rasu a Kete-Karaci. Allah ya jiƙansa.

Aikin tattara sunayen littattafansa bai fara sosai ba sai bayan Gana ta sami 'yanci. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, ƙarƙashin Thomas Hodgkin, tare da Ivor Wilks, ta shiga neman tsofaffin takardu. Wanda ya sha wahalar tafiya shi ne Alhaji Usmanu Boyo. Gari gari yake bi, yana roƙon malamai su ba shi aron abin da ke cikin gafakarsu, a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, a mayar wa mai shi. Aiki ne mai wuya, domin mai kwafa yakan manta sunan mawallafi, wani lokaci ramzin shekara kaɗai ke ƙarshen waƙa. Ga kuma halin mutane, in waƙa ta yi kyau ba a san mai ita ba, sai a jingina wa malamin da ya fi suna. Don haka manazarta suka yi ta tankaɗe da rairaya a kan wace ce tasa, wace ce ba tasa ba.

Daga nan abin ya yi nisa. A 1973 Douglas Ferguson ya yi digirin dakta a Amurka a kan bayanin da malam ya yi na ƙasar Hausa. Wani shehin malami ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warso, ya fitar da littafi a kansa da harshensu a 1981, sannan a 2000 ya buga rubutunsa na ajami daga takardun Mischlich, waɗanda suka bi ta hannun Heinz Sölken. A 2003 John Hunwick ya jera ayyukansa a juzu'i na huɗu na babban kundin nan na rubuce-rubucen Larabci na Afirka. Ka ji fa, Balin da Legon da Warso.

A gida Nijeriya kuwa, yaranmu sun fi sanin Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, kuma sun cancanta. Sai dai su sun sami maɗaba'ar Zariya da rediyo da manhajar makaranta, shi kuwa iyakar da Turawa suka shata ta bar shi a waje. Ko tsohon garin Kete-Karaci da ya yi limanci a ciki, ruwan tafkin Bolta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, aka tashi mutane zuwa sabon wuri.

Ɗalibanmu da ke jami'o'in Ibadan da Legas, in sun shiga ɗakin karatu nemansa, su sani ba a suna ɗaya aka ajiye shi ba. Ferguson ya rubuta Imam Imoru, ɗan Folan ya ce Alhaji Umaru, a kundin Larabci kuwa sai an duba Umar bin Abi Bakr bin Usman Alkabawi Alkanawi Assalagawi.